Littafin aiki: daidaita tsarin jagorar Markdown ta Hausa a Kumasi

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

A zaman yau mun tsayar da ƙara sabbin darussa a jagorar Markdown da muke rubutawa da Hausa (Markdown hanya ce ta tsara rubutu da 'yan alamomi, manhaja ta mai da shi shafi), har sai an daidaita waɗanda ke ciki, kuma ni aka ɗora wa aikin. Hannu da yawa ne suka rubuta jagorar nan: matasan Aboabo da Asawase da Sawaba, da wasu ɗaliban jami'ar KNUST da ke zuwa mana ranar Asabar. Kowa ya rubuta darasinsa yadda ya koya, kuma babu wanda za a ce ya karya doka, domin shi kansa Markdown ya yarda da hanya biyu ko uku a kusan komai. Jeri ana iya fara shi da karan ɗori, ko tauraro, ko alamar tarawa. Kan magana ana iya sa masa `#` a gaba, ko a ja masa layi a ƙasa. Duk waɗannan suna cikin fayilolinmu, wani lokaci ma a shafi ɗaya.

Da littafin girki muke rubutawa, da abin bai kai a tsayar da aiki ba, tunda mai karatu shafin da ya fito kawai yake gani. Amma namu Markdown ɗin yake koyarwa, kuma muna ce wa ɗalibi ya buɗe ainihin fayil ɗin ya ga yadda aka yi. Yaro a makarantar allo abin da ya gani a rubuce yake kwafa, har da yadda malam ya lanƙwasa wutsiyar harafi. Idan darasi na biyu ya nuna masa jeri da karan ɗori, ya je na biyar ya tarar da tauraro, zai ɗauka da dalili, ya ɓata yini yana neman bambancin da marubucin bai taɓa nufa ba.

Tushen rikicin ya girmi aikinmu. John Gruber ya fitar da Markdown a 2004, da taimakon Aaron Swartz, kuma bayanin da ya rubuta ya bar wurare da dama bai yanke hukunci ba. Masu rubuta manhajoji kowa ya cike gurbin da fahimtarsa. A 2014 John MacFarlane da wasu suka fitar da CommonMark don a sami ƙa'ida tsayayya, a 2017 kuma GitHub, dandalin intanet da ake ajiye fayiloli ana aiki tare a kansu, ta gina nata tsarin a kansa. Mu jagorarmu wuri biyu take zaune: rumbunmu na GitHub, da shafin intanet da manhajar MkDocs ke gina mana. Shi MkDocs da Python-Markdown yake aiki wajen mai da Markdown shafi, wanda tsohuwar hanyar Gruber yake bi, ba CommonMark ba. Saboda haka sharaɗin da na sa wa kaina ɗaya ne: duk salon da za mu zaɓa, dole ya fito iri ɗaya a wuraren biyu, kuma ya zama wanda za a iya bugawa da babban yatsa a waya, don yawancin masu rubuta mana ba su da kwamfuta.

Asabar, 18 ga Janairu

Na fara da kanun magana. Ja layi a ƙasa, wanda Gruber ya aro daga wani tsohon tsari mai suna Setext, mataki biyu kawai yake bayarwa, alhali `#` yana kaiwa shida. Duk wanda ya fara da ja layi, in ya buƙaci mataki na uku dole ya koma `#`, shi ya sa shafukan suka cakuɗe. Na mayar da su duka `#`.

Ina cikin haka na gano abin da ya daɗe yana damun mutane a darasin mahaɗai. Marubucin ya so ya raba sashe biyu da dogon layi, sai ya buga karan ɗori uku daidai ƙarƙashin jimlarsa ta ƙarshe, bai bar layi wofi a tsakani ba. Markdown ya ɗauka ja layi ne, ya mai da jimlar kan magana mai kauri, har ta shiga jerin abubuwan da ke ciki a gefen shafi. Yanzu doka ce: layi wofi a sama da ƙasan kowane kan magana da kowane layin rabewa.

Sai masu manne alamar da kalma, kamar `#Gabatarwa`. A shafinmu yana fitowa lafiya lau, shi ya sa ba wanda ya lura. A GitHub kuwa alamar tana nan tsirara a gaban kalmar, domin CommonMark ya wajabta sarari bayan `#`, don kada duk wanda ya fara layi da alamar nan ta dandalin sada zumunta ya wayi gari da kan magana. An sa sarari ko'ina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsallake mataki. Mutum ya ga `##` ya yi masa girma a waya, sai ya zaɓi `####` don ya fi kyan gani. Amma matakan nan ba girman haruffa suke nufi ba, matsayin sashe suke nunawa, wane ne uba wane ne ɗa. Makaho da ke amfani da manhajar da ke karanta masa shafi da murya, da kanun nan yake tsalle daga sashe zuwa sashe, kuma in ya ji an tashi daga na biyu zuwa na huɗu zai zaci akwai abin da ya wuce shi. Girman haruffa aikin zanen shafi ne, can za a gyara shi.

Na kuma sauke manyan baƙaƙen da ake sa wa kowace kalma a take. "Yadda Ake Yin Jeri" ya koma "Yadda ake yin jeri". Al'adar Turanci ce aka kwaso, kuma kalmomi irin su "da" da "a" da "na" ba sa jin daɗinta.

Laraba, 22 ga Janairu

Na saka markdownlint, manhajar David Anson da ke duba fayil ta nuna inda aka saɓa ƙa'ida. Kowace ƙa'ida da lambarta: MD001 tsallake mataki, MD003 salon kanu, MD004 alamar jeri, haka dai. Gwajin farko ya zubo ƙorafi ɗaruruwa, mafi yawansu daga MD013, wadda ke son kada layi ya wuce haruffa 80. Na kashe ta. Mai rubutu a waya ba zai zauna yana ƙirga haruffa ba. A madadinta mun ɗauki wani salo: kowace jimla layinta. Markdown yana haɗe su sakin layi ɗaya idan shafi ya fito, shi kuma Git, mai bin sawun canje-canjen fayil, tunda layi-layi yake kwatanta tsohon rubutu da sabo, zai nuna jimlar da aka taɓa kaɗai, ba dukan sakin layin ya yi ja da kore ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau muhawara ta yi zafi kan kauri da karkatar haruffa, kuma wata ɗaliba 'yar Sawaba ce ta tayar da ita. Ta miƙo mini wayarta, gilashin a tsage ta gefe, ta ce, "Yaya, ni fa a WhatsApp tauraro ɗaya nake sa wa kalma gaba da baya ta yi kauri. Me ya sa a nan sai ta karkace?" Na ce, "Ƙanwata, a nan sai kin sa biyu-biyu." Ta ce, "To ai a darasi na uku ɗaya na gani." Na duba, gaskiyarta. Wanda ya rubuta darasin shi ma daga WhatsApp ya taso, gargaɗin da ya so ya yi kauri ya fito a karkace, siriri, ido ma ba ya tsayawa a kansa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zo koyon Markdown a Zango ya riga ya iya wani ɗan'uwansa ba tare da ya san sunansa ba, kuma ɗan'uwan nan ya saɓa masa a daidai alamar da aka fi amfani da ita. Wani ɗalibin KNUST ya tsaya a kan cewa mu yi komai da tauraro, ɗaya don karkata, biyu don kauri, hujjarsa ita ce tauraro yana aiki ko a tsakiyar kalma, layin ƙasa kuwa, wato `_`, ba ya yi. Hujjar gaskiya ce, kuma ta shafe mu, don muna da misalai da ke nuna ɗafa-ƙeya, kamar `motar` da `gidan`. Ni kuma na ce layin ƙasa a WhatsApp karkata yake bayarwa, a Markdown ma haka, to me zai sa mu yar da abu ɗaya da hannun ɗalibi ya riga ya saba da shi? Aka tsaya a nan: kauri da tauraro biyu, karkata da layin ƙasa, kuma duk inda za a haskaka wani yanki na kalma, da kauri za a yi. Da haka tauraro guda ya fita daga jagorar baki ɗaya, sai a wuri ɗaya da muka yi bayaninsa a fili, muka ce ga shi yana nan, za ka gan shi a rubutun wasu, ga abin da yake yi. MD049 da MD050 za su riƙa tsare mana wannan.

Mun kuma raba musu aiki, don a da kowa yana kaurara abin da ya ga dama. Kauri na sabuwar kalma ne a karon farko da ta bayyana, da sunan maɓallin da za a danna. Karkata ta kalmar wani harshe ce. Duk alamar da ake so ɗalibi ya buga da hannunsa, cikin akwatin kod take shiga. Layin da aka kaurara shi kaɗai don ya yi kama da take, ko dai ya zama take na gaske ko ya koma jimla.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Jeri. Alama ɗaya, karan ɗori. Banda sauƙinsa a waya, a CommonMark idan ka canza alama a tsakiyar jeri, to ka fara sabon jeri ne, shi ya sa wasu shafuka ke da 'yar tazara a tsakiya da ba wanda ya san daga ina ta fito.

Jeri cikin jeri ne ya fi cin lokaci. GitHub ya wadatu da sarari biyu a ƙarƙashin karan ɗori, uku a ƙarƙashin lamba, wato dai ɗan ya daidaita da inda rubutun uban ya fara. Python-Markdown huɗu yake so, in ba haka ba sai ya jero 'ya'ya da iyaye a sahu ɗaya. Huɗu na aiki a duka biyun, don haka na gaya wa MD007, ƙa'idar da ke duba wannan sararin, huɗu. Haka nan jerin da aka manna wa sakin layi ba tare da layi wofi ba: GitHub na gane shi, shafinmu kuwa sai ya haɗiye shi cikin sakin layin, karan ɗorin na yawo a tsakiyar jimla. Matakan buɗe asusu, waɗanda sababbin zuwa suka fi buƙata, a haka suke tun da aka rubuta su.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wuta ta ɗauke da hantsi, muka ƙarasa zaman a ƙarƙashin rumfa da wayoyi, kuma hakan ya yi daidai da aikin yau, don misalai na ke gyarawa kuma a waya za a karanta su.

Nuna Markdown a cikin Markdown yana da nasa tarko. In ka rubuta misali haka kawai, manhaja za ta aiwatar da shi, ɗalibi ya ga sakamako bai ga alamomin ba. Marubutanmu sun kauce wa wannan ta hanyoyi iri-iri: wani ya tura misalin ciki da sarari huɗu, wani ya kewaye shi da baktik uku (baktik ita ce alamar `` ` ``), wani ya sa karkataccen layi, wato `\`, gaban kowace alama, wani kuma ya ɗauki hoton allon wayarsa ya liƙa. Na hoton ne na fi ƙi. Ba a iya kwafarsa, yana cin data, kuma makaho ba ya samun komai a cikinsa.

Yanzu kowane misali siffa ɗaya gare shi. Jimla guda mai faɗin abin da za a yi. Sai "Abin da za ka rubuta", da misalin cikin shingen baktik uku, an rubuta `markdown` a bakin shingen. Sai "Abin da zai fito", da sakamakon. Ba a juya tsarin, ba a tsallake ɗaya. A darasin da ke koyar da shingen kansa, na waje sai ya zama baktik huɗu, don shinge ba ya rufuwa sai da adadin da ya kai wanda ya buɗe shi, ta haka na ciki mai uku zai fito a rubuce.

Na ƙara wani ɗan sashe da babu shi a da: inda baktik yake a waya. A Gboard, allon buga rubutu na Google a waya, sai ka danna maɓallin lambobi, ka sake danna na ƙarin alamomi, sannan ka gan shi a sahun sama kusa da alamar igiyar ruwa, wato `~`. Na ga yaro da idona yana buga alhamza sau uku yana jiran akwati ya fito, don a ƙaramin allo kamarsu ɗaya. Jagorar ta yi shafi guda tana bayanin amfanin alamar, ba ta taɓa faɗa masa inda zai same ta ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kwanakin nan a kan mahaɗan cikin gida nake, waɗanda ke kai mutum wani sashe na shafi, kuma nan na ci karo da abin da babu wata jagorar Turanci da za ta gargaɗe mu a kansa.

Kowane kan magana ana ƙirƙira masa adireshi daga kalmominsa. A GitHub, "Ƙarin bayani" yana zama `ƙarin-bayani`. A shafinmu kuwa `arin-bayani` ya zama. Harafin farko ya ɓace. Na bi sawun abin har cikin Python-Markdown, ga yadda yake: yana fara rarraba harafi mai ado zuwa gida biyu, é ta Faransanci ta zama e da 'yar alamarta, sannan ya zubar da duk abin da ba ya cikin haruffan Turanci. Bafaranshe ya rasa ado, harafinsa na nan. Amma ƙ da ɗ da ɓ a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, haruffa ne masu zaman kansu, ba k da d da b ne aka yi wa ƙari ba, don haka ba sa rarrabuwa, sai a zubar da su ɗungurum. Maƙwabtanmu masu rubuta Twi haka ɛ da ɔ ɗinsu za su salwanta. Sakamakon shi ne, a kanun da ke da harafi mai ƙugiya, duk mahaɗin da aka gwada a GitHub ya yi aiki, a shafinmu ba ya kai mutum ko'ina, wanda aka gwada a shafinmu kuma ya mutu a GitHub.

Wani ya ba da shawarar mu guji haruffa masu ƙugiya a kanun magana. Ban yarda ba ko kaɗan. Ba za mu rubuta jagorar Hausa muna kewaye haruffan Hausa ba. Maganin ma yana cikin manhajar: akwai `slugify_unicode`, wanda ke barin haruffan yadda suke, layi ɗaya ne a fayil ɗin saitin MkDocs. Na sa shi, na bi mahaɗan na gyara, MD051 kuma za ta riƙa kama duk wanda ke nuni zuwa sashen da babu shi. Hasara ɗaya: tsoffin mahaɗan da aka riga aka tura a zaurukan WhatsApp za su buɗe shafin amma ba za su sauka a sashen ba. Na sanar a zaurenmu.

Wannan ya jawo maganar ƙugiyar kanta. Hausa ba ta cikin harsunan da makarantun gwamnati ke koyarwa a Ghana, yawancinmu a nan Twi muka yi a aji, rubutun Hausa kuwa kowa ya tsinta ne daga karance-karance. Kuma a bakin da yawa daga cikinmu 'yan Kumasi ƙ da k sun zama ɗaya, kunne ba ya gaya wa hannu inda ƙugiya take. Shi ya sa kalma guda ke fitowa da fuska uku, `ƙasa` da `kasa` da `k'asa`. Wannan markdownlint ba ta san shi ba. Na fara tara kalmomin da jagorar ta fi amfani da su a fayil guda, da rubutunsu na daidai, don mai rubutu ya leƙa.

Alhamza ita ma uku ce a fayilolin: miƙaƙƙiya, da mai lanƙwasa dama, da mai lanƙwasa hagu, wadda Word ke sakawa a farkon kalma irin 'yan don ya zaci zance za a buɗe. Ido ba ya damuwa, amma mai neman kalma a fayil ba zai same ta ba in alhamzarsa ta bambanta. Mun tsaya a kan miƙaƙƙiya, kuma 'y za mu riƙa rubutawa kamar yadda ake yi a Nijeriya, ba ƴ ta Nijar ba, don ita masu karatunmu suka fi gani.

Alhamis, 6 ga Maris

Hutun ranar 'yancin kai, ga azumi, aiki kaɗan na yi. Wani misali a darasin sakin layi ya fara da "1957. Shekarar da Ghana ta sami 'yanci." Lamba da aya a farkon layi jeri ne a wurin Markdown. GitHub ya mai da shi jeri mai farawa daga 1957, shafinmu kuma, da yake ba ya kula da lambar farko, ya share shekarar ya rubuta 1. Karkataccen layi kafin ayar, wato `1957\.`, ya warware shi a duka biyun. Na bar misalin na ƙara masa bayani, don duk mai rubuta tarihi zai faɗa wannan ramin.

Asabar, 22 ga Maris

Tun farkon wata na haɗa binciken da GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da aiki da kansa, ta yadda duk wanda ya turo gyara, markdownlint za ta duba shi nan take, kuma na sa ba a karɓar gyara sai ta amince. Fayiloli sun tsabtace, amma gyare-gyaren da ake turowa sun ragu, fiye da abin da azumi kaɗai zai jawo. Bayan la'asar na tambayi ɗalibar nan 'yar Sawaba ina darasin da ta ce tana gyarawa. Ta ce, "Yaya, na tura, sai jan kuros ya fito da Turanci mai yawa. Na ɗauka an ƙi ne." Laifin da aka kama ta da shi sarari ne guda a ƙarshen layi, abin da ido ba ya gani. Gyaran nata kuwa jimla ce da ta daɗe tana rikita mutane, ta warware ta.

Na sauya tsarin a daren nan. Binciken zai ci gaba da gudana, amma ba zai tare ƙofa ba. Abin da manhaja ke iya gyarawa da kanta, kamar sararin ƙarshen layi da alamar jeri da layukan wofi da suka yi yawa, ni zan sa ta gyara kafin a haɗe. Abin da ke buƙatar hukuncin mutum, kamar matakin kanu, zan rubuta wa mai gyaran da Hausa, in fara da godiya, in nuna masa layin. Daidaiton nan don ɗalibi muke yinsa, kuma masu rubuta mana su ma ɗaliban ne, watanni kaɗan suka riga sauran.

Na kuma rubuta takardar ƙa'idojin, shafi ɗaya tak. Kowace ƙa'ida da misalinta da dalilinta a jimla guda, da lambar markdownlint a gefe, don wanda ya ga MD032 ya san layi wofi ake nema kafin jeri.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun dawo bayan Sallah da baƙo. Wani malamin Islamiyya daga Asawase, dattijo, ya ji labarin aikin, yana so ya san ko abin nan zai ɗauki ajami da baitocin waƙa, don yana da rubuce-rubucen da yake son almajiransa su buga. Na ce, "Allah gafarta malam, zai ɗauka, amma sai an taimaka masa." Na buga baiti biyu na nuna masa. Ya bi allon da yatsa daga dama, ya tsaya, ya ce, "Ɗana, ayar nan ta koma wancan gefen, kuma baitin biyu sun haɗe."

Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun jagorarmu ba ta da matsaya a kansu. Markdown ba shi da alamar da ke cewa rubutu daga dama yake farawa, sai an ari HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi. Abin da ya yi aiki a wuraren biyu shi ne a buɗe da `<div dir="rtl" markdown="1">`, a bar layi wofi, a yi rubutun, a sake barin layi wofi, a rufe. Layukan wofin don CommonMark ne, `markdown="1"` kuma don Python-Markdown, bayan an kunna masa `md_in_html`.

Karya layi a baiti hanya uku gare shi. Ta asali sarari biyu ne a ƙarshen layi, wanda ba a gani, kuma wasu manhajojin rubutu na share shi da kansu, ba za a koyar da ɗalibi da abin da ba zai iya gani a misali ba. Karkataccen layi a ƙarshe yana aiki a GitHub, ba ya aiki a shafinmu. Saura `<br>`, wanda ba shi da kyan gani amma yana fitowa ko'ina. Shi muka ɗauka, na buɗe wa `br` da `div` ƙofa a MD033, ƙa'idar da ke hana HTML, sauran HTML na nan a rufe. Malam ya ce zai aiko da shafi biyu na rubutunsa mu gwada da su, musamman wasullan ajami, mu ga ko haruffan shafinmu za su ɗauke su a ƙananan wayoyi.

Darasin jadawali kaɗai ya rage ban taɓa ba. Jadawali ba ya cikin Markdown na asali, ƙari ne, kuma namu wasu da sanda, wato `|`, a farko da ƙarshen layi, wasu babu. Niyyata a sa sanda a gefe biyu, kada kuma a wahalar da kowa da daidaita ginshiƙai da sarari, don a waya ba ya yiwuwa. Akwai kuma jadawalin da ke lissafa alamomin Markdown, wanda sandar da ke cikin misalinsa ta tsaga ɗaki biyu, sai an sa mata karkataccen layi a gaba. In na gama shi cikin makon nan, ranar Asabar za a buɗe karɓar sabbin darussa, kuma na hotuna ne a kan layi, wanda 'yar Sawaba ta ce ita za ta rubuta.